Filin Amsa Tambayoyin Masu Karatu: Koyon Jita a Zongunan Kumasi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan yawancinsu daga unguwannin Kumasi suka fito, kuma kusan dukkansu a kan jita suke magana. Na zaɓi guda shida, na taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani matashi mai koyon ɗinki a Aboabo: Malam, na yi tari na sayi jita a wajen masu kayan gwanjo. Wata biyu ke nan ina fama da ita, yatsuna suna yi mini ciwo har riƙe allura yakan gagare ni da safe, kuma duk kod ɗin da na danna, wato sautin da ake haɗawa idan an danne tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, ba ya fita sarai. Abokaina sun ce hannuna ne bai dace da jita ba. Shin in haƙura?

Amsa: Ɗana, kada ka haƙura tukuna, domin bai kamata a ɗora wa hannunka laifi ba alhali ba a binciki jitar ba. Yawancin matasan da suka jingine jita a wata na biyu ba ƙarancin baiwa ne ya kore su ba, tsirkiya ce ta yi wa wuyan jitar nisa, kuma wannan abu ne da za ka iya aunawa da kanka yau a shago. Ka ƙirga ƙananan ƙarafunan da aka gitta a kan wuyan jitar, waɗanda makaɗa suke kira firet, tun daga wajen kai har ka zo na 12, wanda yake daidai tsakiyar tsawon tsirkiya. Ka haɗa katin banki ko katin ɗan ƙasa guda uku, kowannensu kaurinsa milimita 0.76 ne, ka zura su tsakanin firet ɗin da tsirkiya mafi kauri. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, katunan uku ya kamata su cike gurbin ko su bar 'yar rata kaɗan, wato tazarar ta tsaya wajen milimita 2 zuwa 2.5. Idan ka ga guda biyar ko shida sun shige ba tare da sun taɓa tsirkiya ba, to ko ƙwararren makaɗi aka miƙa wa jitar nan sai ya ji jiki.

Abin da yake jawo haka shi ne nauyin da tsirkiyoyi suke ɗora wa katako dare da rana. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, na nailan kuwa wajen kilo 40, saboda haka idan jita ta tsufa ko ta sha zafi a cikin kwantena sai wuyan ya lanƙwashe, ko kuma fuskar ta kumbura a bayan jaki, wato katakon da tsirkiyoyi suke hawa a kansa. Matsalar da ta fi kowace muni, wadda kuma ta yawaita a kayan gwanjo, ita ce a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan. Gane ta ba shi da wuya: jitar nailan wuyanta yana da faɗi, kanta yana da tsaga biyu da tsirkiyoyi suke naɗewa a ciki, kuma ƙulla tsirkiyar ake yi a jikin jaki maimakon a toshe ta da ƙusa. Idan irin wannan ce a hannunka, ka sassauta tsirkiyoyin tun a daren yau, ka sayo na nailan, tun kafin jakin ya ɓalle daga jikin jitar.

Idan kuwa asalinta ta ƙarfe ce, ka kai ta wajen mai gyaran kayan kiɗa, ba wajen kafinta ba. Akwai sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyanta wadda ake juyawa kaɗan-kaɗan don miƙar da shi, sannan ana iya goge ƙasan farin ƙashin da ke kan jaki don a sauko da tsirkiya. Aiki ne ƙarami ga wanda ya iya, amma wanda bai iya ba yana iya karya sandar a juyi ɗaya. Ka roƙe shi ya sa maka tsirkiya mai lamba 10 a maimakon mai lamba 12, domin ta fi siranta, ta kuma fi taushi a hannun mai koyo.

Bayan an gyara, ka yanke farcen hannun da kake dannawa da shi, ka riƙa sa yatsa dab da bayan firet ba a tsakiyar gurbi ba, domin a nan ne sauti yake fita da ɗan danni kaɗan. Minti 15 da safe da minti 15 da dare sun fi maka awa uku a ranar hutu, kuma cikin mako uku zuwa huɗu kan yatsunka zai yi kanta, zafin ya tafi. Zafin kan yatsa ba abin damuwa ba ne, amma idan ciwon ya koma wuyan hannu ko gwiwar hannu, ka tsaya ka gyara zama. Kada kuma ka taɓa fara kiɗa ba ka daidaita tsirkiyoyin ba. Jerinsu daga mai kauri zuwa siririya shi ne E, A, D, G, B, E, kuma akwai manhajojin waya na kyauta da suke nuna maka wannan. Ina dai ba ka shawara ka riƙa rera sautin kowace tsirkiya da bakinka kafin ka dubi wayar, don kunnenka ya koyi aikinsa. In mai gyara ya ce jitar ta wuce gyara, Yamaha C40 ta nailan ko F310 ta ƙarfe sun ishi mai koyo shekaru masu yawa, amma ka tafi shago da wanda ya iya kiɗa, ku gwada kafin ka biya.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'ar KNUST, ɗan Asawase: Malam, shekara guda na yi ina koyo a YouTube, na haddace kod masu yawa, ina kuma iya bin waƙoƙin Turawa. Da na je gwaji wajen wata ƙungiyar hailaif, kiɗan rawar nan na Gana, sai shugabanta, wani dattijo, ya saurare ni ya ce hannuna na hagu ya yi karatu, amma na dama bai san Kumasi ba. Me yake nufi, kuma me zan yi?

Amsa: Dattijon nan ya yi maka alheri, domin ya faɗa maka abin da darussan intanet ba za su faɗa maka ba. Yawancin darussan nan an shirya su ne don wanda zai riƙe fik, wato 'yar robar nan da ake kaɗa tsirkiya da ita, ya riƙa sharar tsirkiyoyi shida gaba ɗaya sama da ƙasa. Jitar ƙasar nan ba a kan wannan aka gina ta ba, kuma sai ka san inda ta fito za ka gane abin da ake nema a hannunka.

Siffar jitar da muka sani yau a ƙasar Sifen ta daidaitu, a hannun maƙerin jita Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Ta jiragen ruwa ta iso gaɓar Afirka ta Yamma, kuma waɗanda suka fi yaɗa ta su ne ma'aikatan jirgi 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, waɗanda suke kaɗa ta da yatsa biyu kawai, babban yatsa da manuni. Daga tashoshin jiragen ruwa salon ya shiga rumfunan da ake shan bammi, shi ya sa har yau ake kiransa kiɗan bammi. A shekarar 1928 Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, ya tafi Landan da ƙungiyarsa mai suna Kumasi Trio, suka ɗauki faifai a kamfanin Zonophone, kuma a cikin abin da suka ɗauka akwai Yaa Amponsah, wadda zubinta ya zama tushen ɗimbin waƙoƙin hailaif da suka biyo baya. Da jita ta shigo ƙasar Tonawa, wato Ashanti, sai ta tarar da seperewa, kayan kiɗansu na gargajiya mai tsirkiyoyi, makaɗa suka kwashe salonsa suka ɗora mata, aka sami abin da ake kira odonson. E. K. Nyame ya haɗa kiɗan jita da wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1950, Nana Kwame Ampadu ya kafa African Brothers a 1963, shi kuwa Koo Nimo, haifaffen Foase, ya riƙe tsohon salon yatsa biyu a nan Kumasi har duniya ta san shi da shi. Waɗannan su ne malamanka na farko, kuma faya-fayansu suna nan a wayar da kake kallon darussan da ita.

A wannan salo hannun dama makaɗa biyu ne a jiki ɗaya. Babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri, yana riƙe da taku ba ya fashi, shi kuma manuni yana tsinkar siraran tsirkiyoyi a tsakanin bugun babban yatsan, wani lokaci tare da shi, yawanci kuwa a gurbin da ya bari. Daɗin kiɗan yana cikin wannan saɓani ne, ba cikin yawan kod ba. Yaa Amponsah kanta a kan kod kaɗan take juyawa, idan a C aka ɗauke ta za ka ji C da F da G7, da C7 da ake bi ta kansa a wuce, kuma duk waɗannan ka riga ka san su.

Ga abin da nake so ka yi, ko da zai zame maka kamar komawa baya. Ka ajiye fik na wata uku. A makon farko ka danna C kawai, ka riƙa buga tsirkiya ta biyar da ta huɗu, idan ka ƙirgo daga siririya, bi da bi da babban yatsa, ƙafarka tana taka ƙasa tare da shi, har sai ka iya yin hira da wani ba tare da bugun ya karkace ba. Daga nan ka shigo da manuni sau ɗaya tak a tsakanin bugu biyu, ka zauna a kansa kwanaki, sannan ka ƙara na biyu. Za ka ga babban yatsan yana son ya tsaya duk lokacin da manuni ya motsa, kuma raba su shi ne dukkan aikin. Ka sa ƙaninka ya riƙa buga maka kwalba da cokali irin bugun dawuro, ƙarfen da makaɗan Tonawa suke riƙe kiɗa da shi, domin makaɗin hailaif da ƙarfen nan yake tafiya. Sannan ka zaɓi waƙa ɗaya daga tsofaffin faya-fayan, ka rage saurinta zuwa rabi, ka ciro ta da kunne gaɓa-gaɓa ba tare da ka nemi rubutaccen kod ba. Waƙa ɗaya da ka ciro da kunnenka za ta ba ka abin da waƙa ashirin na haddar takarda ba su ba ka ba.

Akwai kuma gadon da kake da shi a matsayinka na ɗan zongo, wanda ina baƙin cikin ganin matasanmu suna tsallake shi. Ka tashi kana jin molo da garaya da goge, kana jin kologon mutanen Farafara mai tsirkiya biyu a tashoshin mota, kuma kunnenka ya saba da waƙoƙin da yawancinsu a kan sauti biyar suke tafiya. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje, shi ma Ali Farka Touré na Mali da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya juye saloninsu a kan jita. Ka ɗauki waƙar biki ko ta daka da ka ji a bakin kakarka, ka nemo ta a kan tsirkiya ɗaya tal, sannan ka bar wata tsirkiya mai kauri a sake tana amo a ƙarƙashinta kamar yadda mai molo yake yi. Wannan sauti babu ɗalibin YouTube a wata ƙasa da zai riga ka zuwa gare shi.

Game da malami, za ka lura ƙwararrun makaɗan jita da yawa a garin nan a coci suke kiɗa, kuma hakan yana da dalili. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu, wuraren rawa suka mutu, haraji ya yi wa kayan kiɗa nauyi, makaɗa da yawa suka tafi Najeriya da Jamus, waɗanda suka rage kuma coci ne ya ba su kayan aiki da abin sawa a baki. Kai ba sai ka bi ta nan ba. Ka koma wajen dattijon da ya yi maka gyara, ka gaishe shi da ladabi, ka nemi izinin zama a wajen atisayensu ko da ɗaukar wayoyi ne aikinka, ka zuba wa hannunsa na dama ido.

Tambaya daga wata uwa a Tafo Zongo: Malam, 'yata mai shekara 14 ta dage sai ta koyi jita, har tana ajiye kuɗin abincinta na makaranta. Kawunta ya ce kiɗa roƙo ne, mu kuma ba mu gaje shi ba, wasu kuma suna cewa bai halatta ba. Ni ina ganin son abin a idonta, amma ina tsoron bakin mutane.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya miki ita, ya kuma saka miki da alheri da kika tsaya kika yi tambaya maimakon ki yanke hukunci cikin fushi. Maganar halacci ta malamai ce, sun kuma daɗe suna da saɓani a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, saboda haka ke da kawunta ku je tare wajen malamin da kuka amince da iliminsa, ku ji daga bakinsa, ku yi aiki da abin da zuciyarku ta natsu da shi. Abin da zan yi magana a kai shi ne batun roƙo da batun tarbiyya.

Kawunta bai yi ƙarya ba game da yadda abin yake a da. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, makaɗi yana da ubangida, yana wasa shi yana samun abinci a hannunsa, kuma wanda bai gada ba ba ya shiga. Amma yarinyar da take zaune a tsakar gida tana koyon daidaita tsirkiya ba ta roƙi kowa ba. Koo Nimo da na ambata a sama ya shafe shekaru yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na jami'ar garin nan, yana kuma kiɗansa, ɗayan bai hana ɗayan ba. Mata ma ba baƙi ba ne a kiɗa a wajenmu, domin shantu da kiɗan ƙwarya nasu ne, marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa da amada aka san ta, a Nijar kuma Fatou Seidi Ghali da jitar ɗan'uwanta ta koya a ƙauyen Illighadad har ta kai ga zagaya ƙasashe.

Abin da ya cancanci tsoronki shi ne wurin da za ta koya da mutanen da za ta zauna da su, kuma wannan yana hannunki matuƙar ba ki tura abin ya koma ɓoye ba. Idan kun amince, a yi darasin a gida da rana, a inda kike gani, da malami ko malamar da kuka san asalinta. A sa masa lokaci bayan makarantar boko da ta allo, a kuma gaya mata tun farko cewa idan karatu ya ja baya za a rataye jitar. Ki saya mata ƙaramar jitar nailan, wadda ake kira uku bisa huɗu, in hannunta ƙarami ne, domin ba ta da ƙara mai damun maƙwabta kuma ba ta yanka yatsa. Kuɗin abincin nan kuma ki hana ta tarawa, ki ce ke za ki saya idan an gama shawara. Shi kawun kada a yi abin a bayan idonsa, domin yardarsa ita ce za ta rufe bakin mutanen da kike tsoro.

Tambaya daga wani bahago a Alabar: Ni da hagu nake komai. In juya jitar ne ko in tilasta wa kaina yadda kowa yake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, jita da hannu biyu ake kaɗa ta, saboda haka maganar ladabin dama da hagu ba ta shigo nan ba. Ka gwada kowane ɓangare na mako guda, ka ga wane hannu ne ya fi riƙe taku daidai, shi za ka ba aikin kaɗawa. Jimi Hendrix bahago ne, haka ma Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Sai dai ka sani jitar bahago tana da wuyar samu a shagunanmu, kuma ba za ka iya aron ta abokinka a wajen taro ba. Idan juyawar ka zaɓa, jitar nailan ta fi sauƙi, amma sai mai gyara ya sauya ƙashin da ke wajen kai da na kan jaki, domin an yanka gurabunsu ne daidai kaurin kowace tsirkiya.

Tambaya daga wani direban babbar mota mai jigila tsakanin Kumasi da Bawku: Jitata tana tare da ni a mota. A Kumasi tsirkiya tana tsatsa, idan na je arewa da hunturu kuma sai firet su riƙa yankar hannuna, yanzu ma na ga 'yar tsaga a fuskarta.

Amsa: Alhaji, katako ne yake shan ruwa yana kuma bushewa. Jita ta fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, Kumasi da damina tana wuce haka nesa, Bawku da hunturu kuma tana faɗuwa ƙasa da rabinsa. Idan katakon wuya ya bushe sai ya tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakinsa yake fitowa ya yanke ka, kuma bushewar nan ce ta tsaga fuskar. Ka samo mata akwati ko jaka mai kauri. Idan za ka hau arewa da hunturu, ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a cikin robar sabulu mai huji, ka ajiye a cikin akwatin ba tare da ruwa ya taɓa katako ba. Da damina kuma ka cire soson, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ka riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle duk lokacin da ka gama kiɗa, domin gumi ne yake fara cin su. Kada ka bar ta a gaban mota cikin rana da gilashi a rufe, zafin yana narkar da gam. Tsagar kuma ka kai a liƙe ta tun tana ƙarama, kada ka ɗura mata gam mai kamawa nan take da kanka.

Tambaya daga wani matashi a Sabon Zongo: Malam, an gayyaci ƙungiyarmu kiɗan biki karo na farko. Yayana ya aiko mini da jitar lantarki da amfilifaya, wato na'urar da take ƙara mata murya, daga Bronx a Amurka. Ranar da muka gwada wata amfilifayar aro, leɓena ya taɓa makirufo sai na ji wuta ta ɗan ja ni. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Ɗana, zan fara da wutar da ta ja ka, domin ita ce maganar rai. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar da ka jona, saboda haka idan babu wayar ƙasa mai kyau, ko an karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, jikinka ne yake zama hanyar wuta a lokacin da hannunka yake kan tsirkiya bakinka kuma yake kan makirufo. Ta haka makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandali a Swansea ta Birtaniya a 1972. Duk ranar da ka ji ko ɗan tsikari ne, ka tsaya, a kashe komai, a kira mai gyaran wuta ya duba. Ku jona amfilifaya da na'urar makirufo a layi ɗaya mai wayar ƙasa, kada ka tsaya ba takalmi, kada kuma ku yi kiɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ko ƙarƙashin rumfa mai yoyo.

Kafin ka jona kayan yayanka, ka karanta rubutun da ke bayan amfilifayar kusa da inda wayar wuta take shiga. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Gana 230. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 120 kawai ka gani, jonawa ɗaya za ta ƙone ta, sai ka sayi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar take ja. A wajen biki kuma, idan aka ɗauke wuta za a koma janareta, ka kashe amfilifayar tukuna, sai injin ya daidaita sannan ka kunna.

Ranar bikin ku isa wurin tun kafin a jera kujeru. Ka ɗora amfilifayar a kan kujera ta fuskanci kunnenka, domin idan tana ƙasa gwiwoyinka take yi wa kiɗa, kai kuma ka yi ta ƙara murya har ka danne mawaƙi. Kada makirufo ya fuskanci lasifika, nan ne kukan nan mai huda kunne yake fitowa. Ka rage kaurin sauti ka bar wa ganguna da jitar bas wannan fili, ka kuma daidaita tsirkiya da muryar jitar a kashe, domin baƙi ba su zo jin gyara ba. Ka riƙe tsirkiyoyi na ko-ta-kwana da wayar jita ta biyu a jaka. Ku zauna da mawaƙinku tun kwana biyu kafin ranar ku tsayar da sautin da kowace waƙa za ta tashi a kai, idan kuma muryarsa ta gaji da dare, kafo, wato maƙalin da ake matse wuyan jita da shi, zai ba ka damar sauya sauti ba tare da ka sauya yatsu ba.

Bikin zongo yana da tsarinsa wanda ba a koyarwa a darasi. Idan mawaƙi ya shiga kiran sunayen dangin amarya ana liƙi, aikinka shi ne ka riƙe zagaye ɗaya, ka sassauta murya, kada ka yi ado ko ka sauya kod har sai ya gama, ko da minti goma zai ɗauka, domin ƙafafun masu rawa a kan bugunka suke. Idan aka kira salla ku tsaya cak, ba sai wani dattijo ya taso ya gaya muku ba. Maganar kuɗi kuma ku gama ta tun kafin ranar: nawa ne ladan kiɗa, wa zai biya kuɗin mota da man janareta, ƙarfe nawa za a tashi, da yadda za a raba kuɗin liƙi tsakaninku da masu ganguna. Ku tsayar da wannan da mutum ɗaya daga gidan biki a gaban shaida, ku karɓi rabin ladan a hannu, ku kuma wakilta ɗaya daga cikinku wanda ba ya riƙe da kayan kiɗa ya tattara liƙin a jaka guda, a ƙirga a gaban kowa bayan an tashi.